Saƙon da Rediyo Ba Ta Kai Ba

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "ina ci gaban? ina ci gaban?", na gan ku duka. Ke kuma baiwar Allah da kika ce za ki daina bina idan Injiniya bai buɗe baki yau ba, ajiye fushin a gefe ki gyara zama.

*

Ƙarfe biyu da rabi Malamar aji ta ce su zo, uwa da uba, kuma ta ja layi a ƙarƙashin "da uba". Anti Nas ta baro asibiti da farar rigar aikinta, ko canzawa ba ta tsaya yi ba. Tana shiga ofishin malamai ta tarar har ya riga ta. Mijinta ke nan, Injiniya mai gyaran firji, zaune a ƙarshen benci, farcensa duk baƙin mai, yana juya makullin mota a yatsa.

Ta gaishe da Malama, ta zauna a ɗaya ƙarshen. Filin da suka bari a tsakani, mutum uku za su zauna har da jakunkunansu.

Wata biyu da kwana huɗu ke nan rabon da ta ce masa ko sannu. Duk a kan karatu ne. Asibiti ya ba ta gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a wani gari, fom ɗin kuma sai da sa hannun mijinta. Ya ce wa zai riƙe gida, ta ce shi ba mutum ba ne? Daga nan kowa ya ɗinke bakinsa. Sati uku da suka wuce fom ɗin ya ɓace daga kan madubinta, ba ta ma tambaya ba, ta san aikin wane ne. Yau kuma ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Tun safe abin ke tokare mata a ƙirji.

Amma ba fom ne ya kawo ta nan ba. Rediyo ce.

'Yarsu ɗaya tilo, shekararta goma. Tun da ta fara magana ba a taɓa gano inda ake kashe ta ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Yarinyar da ke ba kujera labari idan ta rasa mai saurare, yau sati uku a aji ko "na'am" ba ta cewa. A gida ma sai raɗa. Anti Nas ta haska mata maƙogwaro da tocila, ta auna zafin jikinta, ta ba ta maganin tsutsa, har na ƙarin jini. Shiru.

Malama dattijuwa ce, mai tabarau a kan karan hanci. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi filin da ke tsakaninsu.

"Jiya na ce ta tashi ta karanta layi biyu," in ji ta. "Layi biyu kacal. Yarinyar da ke karanta mana labarai a taron safe. Ta tashi, bakinta na motsi, babu murya. Sai ta fita da gudu ta yi amai a bayan aji."

"Innalillahi," in ji Anti Nas. "Ba ta faɗa min ba."

"Ba za ta faɗa ba."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Malama, ki tambaye ta, ba ta duba yarinyar ba ne? Ai aikinta ne."

Malama ta sauke tabarau. "In tambayi wa?"

"Ita mana." Ya nuna da haɓa.

"Ga ta nan a gefenka, Malam. Ni alli nake riƙewa, ba ni da aikin kai saƙo."

Anti Nas ta ji dariya ta taso mata, ta danne. Ta ce, "Malama, ki faɗa masa na duba ta, lafiyar..."

Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"To, alhamdulillahi," in ji Malama. "Kun rage min aiki. Da ma abin da na kira ku a kansa ke nan."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da littafin lissafin Rediyo, mai shuɗin bango, wanda Anti Nas ta rufe da leda da hannunta. Ba gaba ta buɗe ba, baya ta juya.

"Wannan na gani ina duba aikin gida. Ta raba shafi biyu da rula. Hagu ta rubuta 'Abin da aka ce'. Dama ta rubuta 'Abin da na kai'. Ku saurara."

Anti Nas ta gyara zama.

Jama'a, ga wanda bai san gidan nan ba: falo na gaba, kicin na baya, tsakaninsu wani siririn lungu inda firji yake. Duk ranar da aka yi faɗa, Injiniya zai ƙure talabijin a falo, Anti Nas za ta ƙure famfo a kicin, sai a fara "Rediyo, ki ce wa babanki", "Rediyo, ki ce wa mamanki". Tun yarinyar na shekara biyar ake haka. Da, kwana biyu ne a shirya. Wannan karon ne abin ya yi tsawo.

Malama ta gyara tabarau ta fara.

"Litinin. Mama ta ce: ki ce wa babanki mai gyaran firjin gari ya kasa gyara na gidansa, sai tsiyaya yake kamar hancin mai mura." Ta kai yatsa ɗaya gefen. "Abin da na kai: Baba, Mama ta ce idan ka samu sarari ka duba firji, ta san aiki ya yi maka yawa."

Injiniya ya miƙe zaune. "Ah! Shi ya sa fa na gyara! Har na bar aikin wani otal na dawo gida da rana!"

"Talata. Baba ya ce: ki ce mata gishirin miyar nan da gayya ta zuba ko hannunta ne ya lalace? Abin da na kai: Mama, Baba ya ce an gode, ya ƙoshi."

"Kai!" Anti Nas ta dafe ƙirji. Ranar har ta yi murmushi ita kaɗai a kicin, tana cewa a ranta ya fara saukowa. Washegari ma ta ƙara masa nama biyu. Nama biyu, a kan zagi!

"Alhamis. Mama ta ce: ki ce masa idan ya ga dama ya kwana a shagon, babu mai nemansa. Abin da na kai: Mama ta ce kar ka daɗe."

Wannan karon Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Asabar. Baba ya ce: ki ce mata na gaji da ganin fuskarta a murtuke. Abin da na kai: Baba ya ce ko ba ki da lafiya ne?"

Malama ta ci gaba da juya shafi. Ɗaya, biyu, biyar, tara. Duk da ƙaramin rubutun nan mai kwanciya gefe, wani wurin an goge an sake, an goge an sake, har takardar ta huje. Anti Nas ta tuna sau nawa take leƙowa daga kicin ta ga yarinyar tsaye a jikin firji, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Har tsawa take mata: "Ke, aike na yi ki ko gadin firji?" Ashe aiki take yi.

"Nan kuma an yage shafi ɗaya," in ji Malama, ta nuna musu guntun takardar da ya rage a jikin zare. "Ban san me ke ciki ba. Na dai san daga wannan satin ne ta daina magana a aji."

Ta ɗauko wata takardar daban. "Na ba su rubutu mai taken 'Aikina a gida'. Wasu sun ce shara, wasu wanke-wanke. Ga nata."

Ta miƙa wa Anti Nas. Ta karɓa. Ta karanta a zuci, sai Malama ta ce, "Da ƙarfi. Shi ma 'yarsa ce."

"Aikina a gida shi ne kai magana. Idan aka ba ni mai zafi, ina tsayawa a lungu in hura ta sai ta huce, sannan in kai. Ina rubutawa don kar in manta abin da na ce wa kowa. Idan na yi kuskure ɗaya gidanmu zai rabu. Shi ya sa ba na son yin magana a banza, kar ta ƙare min."

Muryar Anti Nas ta karye a layin ƙarshe. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, ta yi saurin gogewa da gefen rigarta. Ita da ke ganin ciwo iri-iri kullum ba ta girgiza, yau rubutun 'yar aji biyar ya kayar da ita.

Malama ta tashi tana dafa tebur. "Bari in ɗauko ta. Tafiyar minti biyu ce, amma gwiwata na ciwo, sai na yi goma."

Ta fita, ta jawo ƙofa.

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Agogon bango ya nuna uku da minti biyar. Injiniya ya daina juya makulli.

Anti Nas ta buɗe baki, ta rufe. Wallahi ɗinkin rauni ya fi mata sauƙi. Wata zuciyar na ce mata ki bari ya fara, ai shi ne da laifi. Ta dubi takardar da ke cinyarta, ta ce wa waccan zuciyar ta je ta huta.

"Baban Rediyo."

Ya ɗago kamar an taɓa shi da wayar wuta.

"Na'am."

"Mun cuci yarinyar nan."

"Mun cuce ta."

"Ni na faɗi maganar firji. Da ta kwana a shago. Duk ni na faɗa, kuma da nufin su yi maka ciwo na faɗa. Ka yi haƙuri."

Ya dubi farcensa. "Miyar ma ba ta yi gishiri ba," in ji shi a hankali. "Neman magana ne kawai. Na ga ko za ki fito ki zage ni da bakinki, in ji muryarki."

"Ka ji mutum! To me ya hana ka shigo kicin?"

"Ke me ya hana ki shigo falo?"

"Taku bakwai ne fa."

"Takwas. Ni na sa tayil ɗin."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka, ta zama wani irin sauti mara kyan ji. Ya matso kaɗan. Yanzu mutum biyu ne za su zauna a tsakani.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba," in ji shi. "Shekara goma sha biyu muna tare, ban faɗa ba."

Ta share ido ta jira.

"A gidanmu ni ne Rediyo."

"Kamar yaya?"

"Ni ake aika. Babana na ƙofar gida, mamata na ciki, ni ina tsakiya. Sai dai ni ban da wayon 'yarki. Yadda aka ba ni haka nake kaiwa, da zafinta. Wanda na kai wa ya huce a kaina." Ya dubi ƙasa. "Ranar da mamata ta tafi, ni na kai saƙon ƙarshe. Ina shekara tara. Har na girma ina ganin bakina ne ya kore ta. Kina cewa ba na magana, ba na magana. To daga nan ne."

Anti Nas ta dube shi. Shekara goma sha biyu tana kiran shirun nan girman kai.

"Na rantse ba zan yi wa ɗana haka ba," in ji shi. "Sai ga shi na yi, ban ma san na yi ba."

"Mun yi dai. Kar ka kwashe duka, ka bar min rabona." Ta matso ita ma. "Ka ji sharaɗina. Daga yau idan na ɓata maka, ka faɗa min a fuskata. Ko da ihu ne. Ni ma haka."

"Ban iya ihu ba."

"Zan koya maka, na ƙware."

"Wannan kam na shaida." Ya ɗan murmusa, sai ya sake yin gyaran murya. "Maganar karatun nan kuma, ni abin da ya ba ni haushi..."

"Bar shi." Ta ɗaga hannu. "Ya wuce. Za mu yi maganarsa, ba zan binne ba, amma yau ta yarinya ake yi."

Ya haɗe gira. "Ya wuce kamar yaya?"

Ƙofa ta buɗe.

Rediyo ta shigo a bayan Malama, jaka a goye, safa ɗaya ta zame har idon sawu. Idonta ya fara sauka a kan shuɗin littafin da ke kan tebur. Ta tsaya cak. Sai ta dubi benci, ta ga iyayenta kusa da juna, ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro.

"Zo nan," in ji Anti Nas.

Ba ta motsa ba.

"Ba duka ba ne. Zo."

Ta tako kamar mai tafiya a kan ƙwai. Anti Nas ta sauko daga benci ta durƙusa a gabanta, farar riga a ƙasa, ko a jikinta.

"Mun karanta."

Da ƙyar raɗa ta fito daga bakin yarinyar. "Na yi ƙarya."

"Kin yi. Mu muka sa ki. Wanda ya ɗora wa yaro buhu ba ya tambayar me ya sa ya karkace." Ta riƙe hannayenta biyu, sun yi sanyi ƙalau. "Saurara da kyau. Faɗan nan nawa ne da babanki. Ba ke kika haɗa shi ba, ba ke za ki raba ba. Manya suna faɗa. Mu ma za mu sake yi, ba zan yi miki ƙarya ba."

Idon Rediyo ya firfito.

"Za mu yi, kuma za mu shirya, da bakinmu. Idan kin ji muna yi kin tsorata, ki ce kin tsorata. Idan kin ji haushinmu, ki ce kin ji. Gidan ba zai faɗi don kin faɗi gaskiya ba."

Injiniya ya durƙusa shi ma, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ke, 'yar Baba. Kin san idan yaron shago ya yi aiki da kyau me ake masa?"

Ta girgiza kai.

"Yaye shi ake. To mun yaye ki. Daga yau babu aike tsakanina da mamanki. Kin yi ritaya."

"Idan... idan kun manta fa?"

Magana ce cikakkiya, da murya, ba raɗa ba. Anti Nas ta ji kamar ta yi guɗa, ta cije leɓe.

"Tambaya mai kyau," in ji Malama daga bayan tebur. "Za su manta kuwa, na san irinsu. Sai a gwada yanzu. Malam, aike ta."

Injiniya ya murtuke fuska irin ta falo, ya kumbura murya. "Rediyo! Ki ce wa mamanki ina jin yunwa."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi Malama. Ƙafarta har ta ɗaga da kanta, don sabo.

"Me za ki ce masa?" in ji Malama.

"Ga... ga ta nan."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Ga ta nan, Baba."

"Wa ke magana? Sauro ne?"

Rediyo ta ja numfashi har kafaɗunta suka ɗaga. "GA TA NAN A GABANKA, KA FAƊA MATA DA BAKINKA!"

Wani malami da ke wucewa ta taga ya waiwayo a firgice. Injiniya ya faɗi zaune a ƙasa yana dariya, yana riƙe ciki. Anti Nas ta rungume yarinyar ta ɗaga ta sama, jaka da komai, tana cewa, "An kunna! Wallahi an kunna!" Malama kuwa ta cire tabarau tana goge shi, wai ƙura ce ta shiga mata ido.

"To, Maman Rediyo," in ji Injiniya, "ina jin yunwa."

"Ka san hanyar kicin, taku takwas ne."

Rediyo ta ƙyalƙyale. Dariyar nan da gidan ya yi kewa, mai shiga kunne kamar cokali a kofi. Sai kuma ta tsaya tsak a tsakiyarta. Ta zame daga jikin uwarta, fuskarta ta canza.

"Mama."

"Na'am, uwata."

"Kin ce ko me na faɗa gidan ba zai faɗi ba?"

"Na ce."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

Yarinyar ta sauke jaka. Ta zuge babban zif, ta zuge na ciki, ta sa hannu can ƙasa inda yadin ya ɓarke. Ta fito da ambulan mai ruwan ƙasa, duk ya lanƙwashe, an maƙala masa yagaggen shafi da fil.

"Akwai wanda ban kai ba."

Anti Nas ta gane ambulan ɗin tun kafin ya iso hannunta. Ta karanta shafin. A hagu: "Baba ya ce: ki ba mamanki wannan, ki ce na sa hannu, ta je ta yi karatunta, za mu riƙe gida." A dama babu komai. Fari fat.

Ta zaro fom ɗin. Ga sa hannunsa a ƙasa, mai kama da wayar da ta harɗe, har da tambarin baƙin mai na babban yatsa a gefe. Kwanan watan sati uku da suka wuce.

Ta ɗago ta dube shi. "Kai ka ɗauka?"

"Ni na ɗauka, na sa hannu! Ba ki gani ba?" Ya miƙe tsaye. "Ni ina can ina cewa mace ko na gode ba ta iya ba!"

"Ni kuma na zata ka yaga!"

"In yaga? Ni?"

Suka juyo tare. Rediyo ta manne da bango, hawaye shaɓe-shaɓe, amma bakin bai rufe ba. Maganar ta ɓalle kamar famfon da aka daɗe da toshewa.

"Na ga idan kin tafi wani gari lungun ya yi tsawo, ba zan iya kaiwa ba, kuma idan kuka yi waya kai tsaye za ku ji ainihin abin da kuke cewa, sai ki ƙi dawowa, sai na ce bari in ɓoye kwana ɗaya, sai ya zama biyu, sai na kasa fitarwa, kullum yana cikin jakata yana min nauyi, idan na buɗe baki sai in ji shi zai fito..."

Ran Anti Nas ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara shida tana jiran gurbin nan. Sati uku tana tsine wa bawan Allah a zuci a kan abin da bai yi ba. Tsawa ta taso mata har maƙogwaro. Sai ta ga idon yarinyar a kan bakinta, tana jira ta ga ko alkawarin minti biyar da suka wuce na gaske ne.

Ta haɗiye tsawar. Ta sake durƙusawa.

"Na ji haushi," in ji ta. "Sosai na ji. Abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma za mu zauna a kansa, mu uku. Kin ji?"

"Na ji."

"Kuma ina son ki, ko ɗigo bai ragu ba. Kalli sama. Rufin ya faɗo?"

Rediyo ta ɗaga kai ta kalli fanka da gaske. "A'a."

"To kin gani."

"Yaushe ake rufe karɓa?" in ji Malama.

"Yau. Ƙarfe huɗu."

Duk suka kalli agogo. Huɗu saura minti ashirin da biyu.

"Me kuke jira a ofishina?" Malama ta daka musu tsawa. "Ku ɓace min!"

Tsohuwar motar aikin Injiniya, wadda sai an lallashe ta kamar jaririya, ranar bugu ɗaya ta tashi. Suka cushe su uku a gaba, tukwanen gas na gwaruwa a baya. Rediyo a tsakiya, ta rungume ambulan a ƙirji.

"Bi ta bayan kasuwa!" in ji Anti Nas.

"Akwai cunkoso! Ta gada ya fi!"

"Na ce ta kasuwa!"

"Ni ke tuƙi ko ke?"

Sai suka tuna, suka dubi yarinyar a tare. Tana kallon wannan, tana kallon wancan, kamar mai kallon ƙwallo.

"Faɗa kuke yi?"

"Eh," suka ce baki ɗaya.

"To ku ci gaba. Amma ta gada ya fi, Mama."

Huɗu saura minti biyu suka shiga ƙofar asibiti. Ofishin ma'aikata na hawa na uku, lif kuma an manna masa takardar "ya lalace". Suka kama matakala. A hawa na biyu takalmin Anti Nas ya fita, ta bar shi nan. Injiniya na haki kamar tsohon janareto.

Suka faɗo dogon barandan hawa na uku. Can ƙarshensa, nesa, magatakarda ya riga ya jawo ƙofa, jaka a hammata, ya zura makulli.

Anti Nas ta buɗe baki ta kira shi, numfashi ya ƙi. Injiniya ya ɗaga hannu, tari ya sarƙe shi. Makullin ya juya sau ɗaya.

Rediyo ta ratsa ta tsakaninsu, ta ɗaga ambulan sama da hannu biyu.

"MALAM! TSAYA! MAMATA TA ZO!"

Muryar ta daki bango ta dawo. Ƙofofi uku suka buɗe, kawuna suka leƙo.

Hannun magatakarda ya tsaya a kan makulli. Ya dubi agogon hannunsa. Sannan ya juyo a hankali.